Fitila da Rana Tsaka: Amanar Murjanin Yayana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Muntaka Ɗanmusa; shugabar makarantarmu, uwarmu Hajiya Nana Aisha Albarka; manyan baƙi da suka taso daga Garki da Buji da sauran garuruwa; malamanmu maza da mata; iyayenmu da suka ajiye ayyukansu suka zo suka zauna a ƙarƙashin wannan rumfa; yayyena da ƙannena ɗalibai, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Barkanku da zuwa Ranar Kimiyya ta bana.

Sunana Umaima Abdulkahar, 'yar aji biyar, daga unguwar Limawa. Ban saba tsayawa a gaban manya ba, don haka idan kuka ji muryata ta yi ƙasa, ku yi mini uzuri.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina godiya ga shugabar makaranta da ta ba ni wannan dama, da malamarmu ta ilimin halittu, Malama Mashkura, wadda ta karanta wannan takarda sau biyu ta gyara mini inda na yi kuskure. Ina godiya ga mahaifina, da mahaifiyata, da kakata wadda muke kira Iya, waɗanda duk za ku ji su a cikin wannan bayani, kuma sun yarda in ambace su.

Abin da zan yi magana a kai shi ne hasken da murjani yake buƙata idan an ajiye shi a tankin gilashi a cikin gida. Na san wasu za su yi mamaki, domin mu a Dutse duwatsu muka sani da dabino, teku kuwa sai a taswira. To, akwai irin wannan tanki a gidanmu. Ban kawo shi nan ba saboda ba ya son a riƙa sauya masa wuri, amma ga hotunansa a jikin allo.

Kafin in shiga bayani, akwai nauyin da ya wajaba in fara saukewa. Tankin ba nawa ba ne, na yayana ne, Yaya Musaddiq, ga shi can zaune a layi na uku. Ya karanci halittun ruwa a wata jami'a da ke bakin teku, kuma da ya gama ya taho mana da 'yan gutsattsarin murjani masu rai a cikin kula. Bara da zai tafi bautar ƙasa ya bar mini amanar guda huɗu. Shekaranjiya ya dawo ya tarar da uku. Tun a waya na gaya masa ɗauke wuta ne ya kashe na huɗun, ya kuma yarda. Jibi zai sake tafiya ƙaro karatu na shekara biyu, kuma akwai abokinsa a Kano wanda ya ƙware a wannan kiwo, ya ce a kai masa tankin ya riƙe. Yaya ya ce a'a, ni zai bar wa, tunda abin da ya faru ba laifina ba ne.

Jama'a, ina son tankin nan ƙwarai. Amma abin da na gaya wa yayana ba gaskiya ba ne. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa don in faɗa masa, bakina ya ƙi buɗewa. Sai na lura abin da na rubuta a takarda ina iya karanta shi. Yaya, yanzu za ka ji yadda aka yi, kai da kowa a lokaci ɗaya, daga nan sai ka yanke shawararka.

Magana ta farko ita ce, murjani mai rai ne, kuma haske abincinsa ne.

Iyayenmu mata sun san jan murjani na wuya da na hannu. Shi wannan yana fitowa ne daga can ƙasan teku inda babu haske sosai, kuma bai dogara da rana ba. Irin wanda ake kiwo a tanki daban ne. Yana zaune a ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai tsabta, inda rana ke ratsawa har ƙasa. Idan ka kalle shi daga nesa ka ce dutse ne ko tsiro, amma dabba ce, tarin ƙananan halittu masu 'yan bakuna da 'yan hannuwa da suke buɗewa suna rufewa. A cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke karɓar haske su haɗa abinci, kamar yadda ganyen gero yake yi a gona, sai su ci su ba murjani ya ci. Kamar mai gida ne ya ba manomi masauki, manomi yana noma yana kawo hatsi gidan. Idan babu haske babu noma, idan babu noma mai gida da baƙonsa duk yunwa za ta kama su.

Ni duk ban san wannan ba a lokacin. Yaya ya bar mini takarda manne a bango: yadda zan ƙara ruwa idan ya ragu, yadda zan auna gishiri, yadda zan duba ma'aunin zafi in kunna ƙaramar fanka a saman ruwan, da abincin kifaye biyun da ke ciki. A ƙasa ya rubuta: “Fitila awa tara kullum.” Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba. Na ɗauka fitilar ta ado ce, don mai kallo ya ji daɗi, domin shuɗin haske take bayarwa mai kyawun gaske.

Murjanin nan huɗu na sa musu sunaye don in riƙa bambanta su. Akwai Ƙaho, mai rassa kamar ƙahon barewa, shi yake can sama kusa da fitila. Akwai Ciyawa, kore shar, wadda ke kaɗawa idan ruwa ya motsa. Akwai Tabarma, wadda ta shimfiɗu a kan dutse da 'yan idanu ruwan lemo. Sai Kunne, mai faɗi da taushi, yana can ƙasa a gefe. Iya kuwa duk sunansu ɗaya a wurinta. Takan ce, “Wannan miji nawa, shekara huɗu yana boko, da ya tashi dawowa ko turare bai riƙo mini ba, sai duwatsu a kula.”

Wata biyar komai yana tafiya daidai, har bazara ta shigo. Kun san zafin bana. Sola ɗaya ce a gidanmu, ita ke riƙe da tankin, ita ke riƙe da fankar ɗakin Iya da ta zauren da mahaifina yake karantar da ɗalibansa na Islamiyya. Da zafi ya tsananta, batir ya daina kai mu la'asar. Wata rana da azahar Baba ya shigo duba Iya, ya tarar tana fifita da mafici. Da zai fita ya leƙa ɗakin da ke kusa, ya ga fitila tana ci.

Ya ce, “Ke Umaima, wannan fitilar wa take haska wa?”

Na ce, “Baba, Yaya ne ya ce a bar ta.”

Ya ce, “Rana tsaka, Allah ya ba mu haske kyauta, ga kakarki tana fama da mafici, duwatsu kuma an kunna musu fitila? Wannan ai almubazzaranci ne. Kashe ta. In kallo kike so, ki kunna kaɗan bayan magariba.”

Ba na ganin laifin mahaifina ko kaɗan. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san ba a barin fitila tana ci da rana, tun muna ƙanana ake yi mana faɗa a kan haka. Ni ce aka ba amana, ni ce ya kamata in san amsar tambayarsa, kuma ban sani ba. Sai na kashe.

Iya ma ta kawo nata taimakon. Ta ga ɗan hasken da ke shigowa ta taga yana faɗawa kan gilashin, ta ce, “'Yar nan, ruwa dai ruwa ne. Ko randa ba a barinta a sarari. Kuma baƙon da ya zo daga nesa, inuwa ake fara ba shi.” Ta ɗauko zaninta na atamfa ta lulluɓe tankin ruf. Haka muke yi wa duk abin da muke tausayi. Akuya ta yi rashin lafiya a ja ta inuwa, kaza ta ƙyanƙyashe a kife mata kwando, jariri a rufa masa mayafi. A ƙasarmu rana ake gudu, inuwa ake nema, ba mu taɓa jin wata dabba da inuwa ke kashewa ba.

Mako uku aka yi a haka. Kullum idan na ɗaga zanin don in ba kifaye abinci, sai in ga launi yana gushewa. Ciyawa ta daina fitowa sosai. Idanun Tabarma suka dushe, wuyansu ya yi tsawo suna miƙewa sama kamar shukar da ta tsiro a ƙarƙashin gado. Ƙaho, wanda da yake da shuɗi a bakin rassansa, ya koma ruwan ƙasa gaba ɗaya. Wannan ita ce alamar ƙarancin haske, kuma ina roƙon duk mai sha'awar wannan kiwo ya riƙe ta: launi ya koma ruwan ƙasa, jiki ya riƙa miƙewa yana neman sama, girma ya tsaya.

Ranar ƙarshe ta zangon karatu na ɗauki hoto a wayar mahaifiyata na nuna wa Malama Mashkura. Ta duba ta tambaye ni awa nawa fitila ke ci. Da na gaya mata, ta ce, “Umaima, yunwa suke ji.” Na ce, “Malama, kullum ina zuba abinci.” Ta ce, “Kifaye kike ciyarwa. Su waɗannan fitilar ce tukunyarsu.” Sannan ta ce kada in taɓa komai tukuna, in same ta a gida gobe, domin ita ma ba ta taɓa kiwon murjani ba, tana so ta yi bincike. Rabin farko na maganarta na ji. Rabin ƙarshe ban ji ba, domin zuciyata ta riga ta tafi gida. Na san gidan Malama, amma ban je ba.

Wannan ya kawo ni magana ta biyu, wadda ita ce mafi nauyi a gare ni: haske mai yawa da aka kawo farat ɗaya ya fi duhu saurin kisa.

A makon nan Baba ya tafi Garki ta'aziyya, zai kwana biyar. Na ce a raina, ga dama ta samu, zan rama musu yunwar mako uku kafin ya dawo. Na yaye zanin Iya. Na murɗa maɓallin fitila har ƙarshe, alhali Yaya a rabi ya bar shi. Na sassauta igiyarta na sauko da ita dab da ruwa. Na riƙa kunnawa tun asuba har isha, batir kuma ya ɗauka tunda fankar zauren Baba a kashe take. Duk wannan bai ishe ni ba. Na ɗauko babban madubin mahaifiyata na jingina shi da turmi a tsakar gida, na karkata shi har ranar hantsi ta bi ta taga ta faɗa cikin tankin. Ɗakin ya yi haske kamar an cire rufi.

Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Ke, dafa su za ki yi?”

Na ce, “Iya, kimiyya ce.”

Ta ce, “To, Allah ya ba kimiyya sa'a. Ni dai mai azumi ban taɓa ganin an buɗa masa baki da tuwon dawa malmala biyar ba.”

Na yi dariya ban saurare ta ba. A rana ta biyu Ciyawa ta shige cikin dutsenta ta ƙi fitowa, Tabarma ta rufe idanunta duka. A rana ta uku Kunne ya saki dutsen da yake manne a kai, ruwa ya gangara da shi ƙarƙashin wani dutse inda akwai inuwa, ya lafe a can. Iya ta ce, “Kin ga mai hankalin cikinsu.” Ƙaho kuwa ba shi da inda za shi, ƙashinsa a kafe yake a sama, shi ya fi kowa kusa da fitila, kuma a kansa hasken madubi yake sauka. A rana ta huɗu ya yi fari fat.

Jama'a, ina jin kunyar faɗin wannan, amma murna na yi. Na ɗauka dattin ne ya fita. A wurinmu fari shi ne tsabta, farin kaya, farar shinkafa, farin allo da aka wanke. Har na kira mahaifiyata na ce ta zo ta ga yadda ya warke. Ban san cewa idan haske da zafi suka yi wa murjani yawa, korar ƙananan tsirran nan yake yi daga jikinsa ba. Farin da nake gani ƙashinsa ne ta cikin naman da ya zama kamar gilashi. Ma'aunin zafi ma ya hau sama da inda Yaya ya ja layi, ina ganinsa, na ce gobe zai sauka. Bayan kwana biyu naman ya fara saɓulewa kamar tsumma. Cikin mako guda gansakuka ta hau ƙashin. Garin neman gira na rasa ido.

A ranar ne Yaya ya kira waya. Ya ce, “Ƙanwata, ya mutanena?” Na ce Ƙaho ya mutu. Ya tambayi abin da ya faru. Na ce an ɗauke wuta, batir kuma ya ƙi ɗauka kwana uku. Ya ce, “Allah sarki. Kada ki damu, wannan ya fi ƙarfinki.” Wannan lallashin ya fi mini zafi a kan a ce faɗa ya yi mini. Yaya, a makon nan wuta ba ta yanke wa tankin ba ko sau ɗaya. Madubi ne da hannuna.

Magana ta uku ita ce yadda aka ceto sauran ukun, kuma a nan ne darasin da na fi so ɗalibai 'yan'uwana su ɗauka yake.

Na tafi gidan Malama Mashkura na gaya mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce in zauna, ta ɗauko abin da ta rubuta tun ranar da ta ce in zo. Abu na farko, a ɗauke madubi, kuma kada a sake barin rana ta faɗa kan tankin kai tsaye, domin ranar Dutse tana zuwa da zafin da ruwa kaɗan ba zai iya ɗauka ba, kuma tana sa gansakuka ta cika gilashi. Na biyu, a mai da fitila tsayin da take da, a mai da maɓalli rabi. Na uku, ko rabin ma ya yi wa marasa lafiya yawa, sai an tace shi. Masu wannan kiwo a wasu ƙasashe suna shimfiɗa raga a saman tanki su riƙa cirewa a hankali. Mu ba mu da irin ragarsu, amma muna da tsohon gidan sauro. Na yanka shi gida huɗu, na wanke, na ɗaure a kan firam ɗin kara, na ɗora tsakanin fitila da ruwa. Duk bayan kwana biyar in cire ɗaya. Awannin ma daga biyar na fara, ina ƙara ɗaya duk mako har muka koma tara.

Na tambayi Malama ko ƙwan lantarki na ɗaki zai iya maye gurbin fitilar Yaya, tunda ya fi ta ƙarancin cin batir. Ta ce a'a. Ruwan teku yana shanye jan haske tun daga sama, shuɗi ne yake kaiwa ƙasa, don haka tsirran cikin murjani da shuɗi suka saba, da shi suka fi yin aiki. Ɗaki yana iya yi wa idonmu haske tar, amma a wurin murjani da sauran duhu. Idon mutum ba ma'auni ba ne a nan, jikin murjanin shi ne ma'auni. Idan ya buɗe da safe ya saki jiki, launinsa yana ƙaruwa, to an dace. Idan ya ƙanƙance yana dushewa zuwa fari, a rage. Idan ya yi ruwan ƙasa yana miƙewa, a ƙara, amma kaɗan kaɗan. Kuma ba dukansu ne buƙatarsu ɗaya ba: masu ƙashi da rassa su ake sa wa a sama, masu taushi irin Kunne a ƙasa ko a gefe. Akwai kuma ƙaramin abu da ake mantawa. Ruwan gishiri yana fantsama ya bushe a jikin gilashin fitila ya yi farin ɓawo, ya tare haske ba a sani ba. Duk Juma'a nake gogewa da ɗanyen tsumma bayan na kashe ta ta huce.

Saura babban aiki, wato Baba. Ya dawo daga Garki, umarninsa yana nan, ni kuma ba zan iya tsayawa a gabansa in ce ya sake shawara ba. Sai na yi abin da kowace 'ya take yi a gidajenmu, na kai kukana wurin Iya. Na yi mata bayanin manomi da mai gida. Ta ce, “Ashe da zanina na hana bayin Allah cin abinci? Astagfirullah. Kira mini ubanki.”

Da ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, “Malam, duwatsun nan ashe masu rai ne, kuma fitilar nan ita ce tuwonsu. Ke, faɗa masa yadda kika faɗa mini.”

Na faɗa, kaina a sunkuye. Ya tashi ya shiga ɗakin, ya daɗe yana duban Tabarma, wadda a ranar ta fara buɗe ido biyu ko uku. Ya sa yatsa kusa da gilashi, inuwarsa ta faɗa mata, ta rufe. Ya ce, “Subhanallahi.” Da ya fito ya ce, “In dai abinci ne, ba almubazzaranci ba ne. Wanda ya tsare mai rai a gidansa, cinsa da shansa suna wuyansa, kuma za a tambaye shi. Me ya sa ba ki faɗa mini tun ranar ba?”

Na ce, “Ban sani ba, Baba.”

Ya ce, “To ni ma ban tambaya ba.”

Batir dai bai ƙaru ba, dole wani ya haƙura. Iya ta ce a cire fankarta, Baba ya ce ba za a yi haka yana raye ba. Fankar zaurensa ya sa aka cire, ya kwashe tabarmi ya koma gindin darbejiyar ƙofar gida da ɗalibansa har damina ta sauka. Kuma da yake murjani yana son lokaci tsayayye, ba yau awa biyar gobe goma sha biyu ba, ni kuma ina makaranta da safe, shi ya karɓi aikin kunnawa. Idan ya idar da sallar walaha zai fita karatu sai ya kunna, idan ya tashi alwalar magariba sai ya kashe. Tun daga ranar bai taɓa saɓawa ba. Akwai ranar da ya shigo da wani baƙo don ya ga tankin, baƙon ya kai hannu zai kashe fitila don ya taimaka, Baba ya riƙe hannunsa ya ce, “Bar su, kalaci suke yi.”

Ciyawa ta fito bayan kwana goma sha biyu. Kunne na bar shi a inuwar da ya zaɓa wa kansa, yanzu ya haifi ƙanana biyu a gefensa, su ne a hoto na uku. Tabarma ta fi kowa jinkiri, sai da ta yi wata biyu kafin ruwan lemonta ya dawo, kuma har yau akwai gefe ɗaya da bai cike ba. Ƙaho bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Yaya ya raine shi shekara biyu tun yana kamar ɗan yatsa.

'Yan'uwana ɗalibai, ba kowa ne zai yi kiwon murjani ba, amma kowa za a ba shi amanar wani abu wata rana. Idan aka ce ku yi abu kaza, ku tambayi dalili tun mai amanar yana kusa. Idan malami ya ce ku dakata, ku dakata, sannu ba ta hana zuwa. Ni na cutar da su sau biyu, da farko don rashin sani, na biyu don gaggawa, kuma duka biyun ina ganin alheri nake yi.

Yaya Musaddiq, ka ji komai yanzu. Ina neman gafararka a kan Ƙaho, ina kuma neman gafararka a kan maganar da na gaya maka a waya, ita ce ta fi damuna. Ka ce za ka bar mini tankin ne saboda ba laifina ba ne. Laifina ne, don haka na sauke maka wannan alkawari, ka sake shawara daga farko. Idan ka bar mini, zan riƙe da iyakar ƙoƙarina. Idan kuma ka ga Kano ya fi, ba zan yi jayayya ba, da hannuna zan taya ka ɗaure kula. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Na ji ka ce fitilar abokinka ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka gaya masa kada ya sa su a ƙarƙashinta kai tsaye. Ya fara da raga huɗu da awa biyar, ya sa Kunne a ƙasa ta gefen inuwa, Tabarma kuma kada ya yi mata gaggawa, ba ta gama warkewa ba. Ragar tana nan a ninke a kan tankin, na wanke ta jiya.

Allah ya saka wa shugaban taro da manyan baƙinmu da alheri. Allah ya ƙara wa shugabar makarantarmu da malamanmu lafiya da haƙuri da mu. Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ja kwanan waɗanda ke raye, ya ba mu ikon yi musu biyayya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu ikon riƙe amana da faɗin gaskiya a kan lokacinta. Allah ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum warahmatullah. Na gode.